Ƙullin Kaba a Gonar Baba

Lahadi, 6 ga Maris 1955, bayan la'asar

Yau a kasuwar Filinge mai shela ya hau kan turmi ya ce gwamnati za ta yi gandun daji a cikin dallol, kwarin da gonakinmu suke. Inda aka shata, ba noma, ba sara, ba kiwo. Wani ya tambaye shi daga ina zuwa ina. Ya ce shi iyakar abin da aka ba shi ke nan. Aka buga ganga, aka watse, kowa ya koma gida yana shata tasa iyakar a ka.

Na je bariki in ga takardar da idona. Na daɗe ina auren tafinta, Allah ya jiƙan Ibrah, na san babu shelar da ba ta da takarda a bayanta. Magatakardan ya dube ni daga zane har ɗankwali, ya ce takardar gwamnati ba ta mata ba ce. Na gaya masa da Faransanci cewa akwai kuskure biyu a sanarwar da ya manna a ƙofa. Bai ji daɗi ba. Ni ma ban ga takarda ba.

Kafin rana ta faɗi magana ta gama gari: inda itace ya yi yawa, nan ne za a kira daji a ƙwace, inda ƙasa take tsirara, nan ne gona. Ban san wanda ya fara faɗa ba. Kowa dai ya yarda, har ƙanena Kailu.

Gonar Baba ta fi kowace gona gawo a wannan gefen.

Talata, 8 ga Maris, da hantsi

Zan rubuta yadda Baba yake yi, don in na mutu kada a ce haukata ce ni kaɗai.

In lokacin sassabe ya zo, kafin kowa ya ɗaga gatari, Baba yakan zaga gona da kaba a aljihu. Duk ɗan gawon da ya tsiro ya miƙe, sai ya rage masa rassan ƙasa, ya ƙulla masa kaba a wuya. Ƙullin nan magana ce. Ɗan ƙodago ya gani ya kauce, makiyayi ya gani ya kora akuyarsa, mai neman itacen wuta ta gani ta wuce. Ba wanda ya taɓa rubuta wannan, ba wanda aka taɓa ɗaurewa a kansa.

Manyan kuma ya raba amfaninsu uku. Na can sama na raƙuman dawa ne, ba a taɓawa. Na tsakiya na makiyaya ne, su datsa wa shanu a ƙarshen rani, bana gefen gabas, baɗi gefen yamma, su biya da takin da shanun suka bari. Abin da ya faɗo ƙasa na awakin gida ne. Da damina gawo ya zubar da ganye ya bar wa hatsi rana. Hatsin gindinsa ya fi mutum tsawo.

Tun da na dawo daga Yamai da takaba, ni ke ƙullin. Kailu ke noma, ni ke ƙulli. Ba mu raba gonar ba, ba mu ga dalili ba.

Laraba, 9 ga Maris, da azahar

Haruna gardin daji, mai yi wa gwamnati tsaron itatuwa, ya same ni a gona. Tsohon soja ne, yana jan ƙafa ɗaya, yana ƙaunar hularsa fiye da uwarsa. Ya bi ƙulle-ƙullena ɗaya bayan ɗaya yana nunawa da sanda, leɓensa na motsi.

"Madam Haske," ya ce, "wallahi kin hutasshe ni. Gonakin mutane sai na duƙa ina bida cikin ciyawa. Ke kau kin sa musu alama kamar ɗiyan makarantar lakkol. In Nasara ya zo, nan za ni hwara kawo shi."

Na ce ban ƙulla don Nasara ba. Ya yi dariya ya ce gwamnati na son irina. Ban san zagin da ya fi wannan ba.

Kailu yana tsaye bayan rumbu. Ya ji komai.

Juma'a, 11 ga Maris, bayan sallah

Mun yi.

Kailu ya shigo ɗakina bai zauna ba. "Yaya, ki kwance abin ga da kika ƙulla."

Na ce in na kwance, awakin gari za su cinye su kafin damina.

"Su cinye! Ni ɗiya gare ni, ba gawo ba. In anka amshe gonar ga, mi za ni ba su? Takardun mijinki?"

Na ce ba wanda ya ga doka, jita-jita ce. Ya ce jita-jita ce ta kai ƙanen Inna aikin hanya bai dawo ba. Ya ce ni na karanta littattafai, shi ya ga abin da aka yi. Ya ce ranar da gawo yake na Baba, Baba ya kula da shi. Yau an ce na gwamnati ne, to gwamnati ta zo ta ba shi ruwa.

Na ce masa sakarai. Wannan ba amsa ba ce.

A akwatin Ibrah akwai littafin da ke ba da labarin dazuzzukan ƙasar Nasara, yadda sarakunansu suka kange su, talaka in ya kama zomo a rataye shi. Sun daina wannan a can, shi ne suka ɗauko mana shi a jirgi.

Asabar, 12 ga Maris, da safe

Na ɗauki abawa na ajiye. Na ɗauki littafi na ajiye. Na share tsakar gida da aka riga aka share.

Litinin, 14 ga Maris, da hantsi

An sare su.

Duk mai ƙulli. Ba a yi kuskure ko ɗaya ba, yaya za a yi kuskure, na nuna hanya da hannuna. Wanda ya yi ya san gatari, sara ɗaya ɗaya, daidai da ƙasa, ya tura rairayi ya rufe kututturen. Ƙananan da ban kai ga ƙullawa ba suna nan a cikin ciyawa, ba a gan su ba.

Na tsince kabar duka na ƙunsa a bakin zane. Ban san me zan yi da ita ba.

Da na dawo gida, gatarin Kailu yana rataye inda yake. An wasa shi.

Talata, 15 ga Maris, da yamma

Dijatu matar Kailu ta kawo mini fura ta tsaya a ƙofa tana murza yatsu. Na ce ta ajiye.

Asabar, 19 ga Maris, da sassafe

Na fita tun kafin rana ta yi zafi, don ƙafafuna ba sa yarda da ɗaki. Raƙuman dawa suna gindin Tsohuwa.

Tsohuwa ita ce babban gawon tsakiyar gona. Baba ya ce kakansa ya same ta haka. A gindinta aka koya mini baƙi da wasali, a gindinta Kailu ya yi rarrafe yana cin ƙasa ina dukan hannunsa.

Akwai uwa da ɗanta, sai wasu a baya. Uwar ta saka harshe tsakanin ƙaya tana zaro ganye kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Ɗan bai kai ba, yana ta miƙa wuya yana jin haushi. Sun dube ni, sun ga ba kowa ba ce, sun ci gaba. Duk rani suna gangarowa dallol saboda gawo ne kaɗai ke da ganye a wannan lokaci. In babu shi, ban san inda za su ba. Ba na jin mai shela ya sani.

Na ɗan ji sanyi a raina. Sai na juya na ga hayaƙi a gonar maƙwabta.

Litinin, 21 ga Maris, da azahar

Ga yadda ake yi, tunda sare babban itace yana da ƙara kuma gardi yana da kunne. A tara busasshen kashin shanu da kara a gindi, a sa garwashi, a rufe da rairayi kaɗan. Ba harshen wuta. Tana ci a hankali, tana cin ɓawo zagaye. In an tambaya, a ce makiyaya ne suka kwana suka bar murhu.

Makiyayan da ke cin ganyen. Su ne za su ƙone shi. Har ƙaryar ma ba a yi mata wanka ba.

Dallol duk ya ɗauki wari. Mutanen da na sani tun suna yara, masu sallah a sahun gaba, suna gaishe ni a hanya idonsu ja da hayaƙi, suna cewa mura ce.

A gonar Baba, manyan gefen arewa sun fara cin wuta.

Talata, 22 ga Maris, da safe

Na kwashe garwashi da ƙwarya. Na zuba ruwan tulu. Da na je na gaba, na baya ya sake tashi.

Alhamis, 24 ga Maris, bayan la'asar

Dijatu ta zo ta ce ko ina da man ƙuna. Na ce wa ya ƙone. Ta ce maigida, wurin gyara murhu. Kailu bai taɓa sanin inda murhun gidan nan yake ba.

Na je da kaina. Tafin hannun dama ne, ya tashi ya yi ruwa. Na wanke, na shafa, na naɗe da tsumma mai tsabta. Bai ɗaga kai ba, ban tambaya ba. Hannun ya yi kama da na Baba har da karkataccen ɗan yatsan. Na ɗaure da ƙarfi fiye da yadda ake bukata.

Lahadi, 27 ga Maris, da hantsi

Haruna ya zo har zaure, yau ba dariya.

"Madam, kumandan mai mulkin gari ya ji wari daga bariki. Ya ce in kawo mutum ko in kawo hulata. Ke kina gonar ga kullum. Wa kika gani?"

Na ce hayaƙi na gani.

"Hayaƙi ba shi shiga kaso. Ke ce mai son itacen ga, ki taimake ni. Mutum guda kaɗai, sauran su ji tsoro su bari."

Gaskiya ya faɗa, shi ne abin. In aka ɗaure mutum ɗaya yau, gobe wuta za ta mutu a dallol. Da suna ɗaya zan ceci abin da ya rage na Baba. Sunan yana bakina, na ji nauyinsa a kan harshe. A cikin gida ƙaramar 'yar Dijatu tana kuka don an hana ta wani abu.

Na ce idona ba shi da kyau, karatu ya lalata shi.

Ya ce, "Awo. Ciwon idon ga ya kama garin duka." Ya gyara hula ya fita yana jan ƙafa.

Na tsani Haruna. Na tsani kumandan. Na tsani mai shela da turminsa. Sauran ba zan rubuta ba.

Laraba, 30 ga Maris, da azahar

Na kwashe tabarma, abawa, buta da littafi na koma gindin Tsohuwa. Daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. Da dare ba a sa wuta, don gardi na hango ja daga nesa. Da rana ake yi, lokacin da kowa ke fakewa da zafi. To, ga ni.

Mata masu zuwa rijiya suna ce mini, "Haske, an ɗaura ne ba mu ji ba? Kaƙa angon?" Na ce ya fi nasu, ba ya yawo, ba ya tambayar tuwo. Suka yi shewa suka wuce. Ɗaya ta dawo ta ajiye mini goro. Mijinta ya ƙone nasu tun makon jiya.

Juma'a, 1 ga Afrilu, lokacin da maza suke masallaci

Ba duka suke masallaci ba.

Wani ya zo da kasko a hannun hagu, don na dama a naɗe yake. Ba zan rubuta sunansa ba, nono ɗaya muka sha. Ya yi zaton na tafi gida. Ya tsaya, garwashi na ƙara a kaskon.

"Yaya, ki tashi."

Na ce ya zuba, akwai wuri, in gyara masa zanena.

"Ita ag babba. Ita Nasara za ya hwara gani tun daga hanya. Sauran duk banza ne in wagga na tsaye."

Na ce a nan Baba ya yi masa addu'a ranar da ya fara riƙe hauya. Ya ce ya sani. Ya ce kullum sai ya gan shi a mafarki. Ya ce, "Kina tsammani daɗi nike ji?" Muryarsa ta karye, ya juya baya don kada in gani.

Ya kife kaskon a rairayi, nesa da gindin, ya taka da takalmi. Ya tafi.

Ban yi murna ba. Na zauna ina kallon tokar har la'asar.

Litinin, 4 ga Afrilu, da yamma

Na gefen arewa sun bushe a tsaye. Ganye ya koma ja. Da iska ta taso sai su yi wata ƙara kamar ana zuba tsaba a faranti.

Alhamis, 7 ga Afrilu, da hantsi

Abin da ban lissafa ba. Tunda ita kaɗai ta rage da ganye, kowa ya nufo Tsohuwa.

Raƙuman dawa sun taru a kanta, waɗanda na sani da waɗanda ban taɓa gani ba, suna ture juna. Sun cinye gefen yamma har ƙaya. Uwar nan ta rame, ɗan yana bin ta yana neman nono tana kaucewa.

Isufu makiyayi, wanda ubansa ya yi amana da Baba, ya zo da adda. Ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya kamata. Ya ce, "Inna, bana gabas ne rabonmu, na sani. Amma gabas ɗin itace guda ba ya isar shanu. A ba ni yamma ma." Na ce in ya datse duka biyu za ta mutu. Ya nuna mini shanun. Ana iya ƙirga haƙarƙarinsu daga inda nake zaune.

Na ba shi gabas da rabin kudu. Ya hau yana sara, ni ina ƙasa ina ihu, wannan a'a, wancan a'a, kamar mahaukaciya a kasuwa. Baba bai taɓa ɗaga murya a kan itace ba. Bai taɓa bukata ba.

Asabar, 9 ga Afrilu, da safe

Ba su zo ba. Sawun raƙuman dawan ya yi kudu.

Lahadi, 10 ga Afrilu, da safe

Ba su zo ba.

Alhamis, 14 ga Afrilu, bayan azahar

Nasaran daji ya zo. Wata guda ana ƙone dallol saboda shi, ga shi yaro ne da jan wuya da gudawa, Haruna ya ce sau uku suna tsayar da mota a hanya.

Bai kai gonar Baba ba. Ya tsaya a bakin hanya ya buɗe taswira a kan motar, iska na naɗe ta. Na ratsa mutane na je na tambaye shi da harshensa daga ina zuwa ina. Ya yi mamaki, ya cire hula, ya ce mini madam. Ya ce ba a yanke ba tukuna, sai Yamai ta duba, wataƙila baɗi, wataƙila a canza wurin gaba ɗaya. Na ce ko gaskiya ne yawan itace ake dubawa. Ya ce abubuwa da yawa ake dubawa. Sai ya ɗaga kai ya ga busassun itatuwan, ya girgiza kai, ya ce abin tausayi ne yadda mutanen ƙasar nan ba su san darajar itace ba.

Na buɗe baki. Faransancin da na tara shekara da shekaru, duk bai yi mini amfani ba. Da na fara, da sai na faɗi wanda ya ƙone da dalilin da ya sa, kuma Haruna na tsaye da kunnensa.

Ya shiga mota. Ko shayin kumandan bai tsaya sha ba.

Juma'a, 15 ga Afrilu, da yamma

Wataƙila baɗi. Wato ba wanda zai bar itace ya girma a gonarsa bana, ko baɗi, ko baɗin baɗaɗa.

Na share tsakar gida.

Alhamis, 21 ga Afrilu, da hantsi

Azumi ya ƙarato, an fara sassabe. Hannun Kailu ya warke, ya bar tabo fari. Muna gaisawa. Jiya ya aiko mini da hanta daga kasuwa, na ci.

Na je gona da ƙunshin kabar nan, ban san dalili ba, hannuna ne ya ɗauka. Tsohuwa tana nan, rabi aski rabi gashi, amma tana nan. Na bi layin da aka sare ina tona rairayi da yatsan ƙafa.

Kututturen farko ya yi toho. Rassa uku, ja-ja, da 'yan ƙayoyi masu laushi da ba su iya huda ba tukuna. Na biyu da na uku ma. Na huɗu babu. Na biyar ya fi duka. Gatari ya ɗauki abin da ke sama, saiwar tana can ƙasa inda take shan ruwanta, ba ta ji shela ba.

Na durƙusa, na zaɓi wanda ya fi miƙewa, na karye sauran biyun yadda Baba yake yi. Na zaro kaba. Na riga na zagaya ta a wuyansa kafin hankalina ya dawo.

Na zare. Na mayar bakin zane.

Da na ɗaga kai, Kailu yana tahowa a layin da adda, yana sare duk abin da ya tsaya. Ya iso. Ya dubi tohon, ya dubi hannuna, ya ga babu ƙulli. Na ƙi tashi.

Ya juya ya jawo wani busasshen reshe mai ƙaya daga cikin waɗanda wuta ta kashe, ya yar da shi a kan kututturen kamar wanda ya gaji da ɗauka. Reshen ya rufe tohon ruf. Akuya ba za ta kai baki ba, mai wucewa ba zai ga komai ba sai shara.

"Gonar ga ta cika datti, Yaya," ya ce, bai dube ni ba. "Sauran suna ina?"

Na tashi na wuce gaba ina tona rairayi da ƙafa. Yana biye da ni, yana jan ƙaya.